Kwana Tara a Bakin Gadar Sunkuya

A gidan abincin wata 'yar Mali, hawa na tara a wani dogon bene na unguwar Xiaobei, muka yi cinikin, yau shekara shida ke nan. Ni ina neman wanda zai riƙa rako mini ƙofofin ƙarfe daga inda ake ƙera su zuwa sito. Shi kuma Tankari, mutumin Gaya ta Nijar, ya zo Guangzhou sayen injin kwale-kwale, abin bai yiwu ba, ya tsaya neman abin yi. Ladan aikin ba mu ja shi da nisa ba. Inda muka daɗe shi ne sharaɗi.

"Alhaji Ilu, abu biyu ne," in ji shi. "In muna bisa ruwa, kada kowa shi kira ni a waya shi ce in tashi. Ruwa ba shi da waya. Na biyu, kaya ba su wuce tsawon da na yanka ma gorata."

"To in ni mai kayan na ce a ƙara fa?"

"Sai ka nemi ɗan Kano shi rako maka. Ku da kuka san kogi a kalanda."

Na ce masa muna da kogin Challawa. Ya ce ai wannan wurin wanke mota ne. Muka yi dariya, muka sha hannu, aka kawo shinkafa.

Wanda bai taɓa zuwa nan ba zai yi mamakin abin da ya haɗa ɗan kasuwar Kano da jirgin ruwa a tsakiyar ƙasar Caina. Manyan kamfanonin da ake gani a baje kolin Pazhou suna da titi har ƙofa, kwantena ta shiga ta fito. Mu masu ƙaramin ƙarfi kuwa, a ƙauyukan kudancin gari ake yi mana kaya, inda lungu ba ya cin babbar mota. Bayan kowace masana'anta akwai mashigin ruwa wanda mutanen da can suka haƙa da hannu. Jirgin ƙarfe mai faɗi, mai inji a baya, shi ke bi yana kwasar kayan mutum goma ko fiye, ya ratsa ƙarƙashin gadoji bakwai, ya fita babban kogi, ya sauke a sito kusa da tashar manyan jirage. Jirgin na wani tsoho ne ɗan ƙasa, muna ce masa Lawban Leung, wato maigida Leung. Shi ke riƙe da inji. Tankari shi ne idonmu a kan kayan.

Ga yadda yininsa yake. In ya idar da sallar asuba, sai ya gangara matakalar siminti da ke bakin mashigin ya duba matakai nawa ruwa ya rufe. Sannan ya tuna yau nawa ga wata, watan Musulunci ba na Bature ba. Ruwan nan haɗe yake da teku, sau biyu yake cikowa a kwana ɗaya, sau biyu yake janyewa, kuma in wata ya tsaya ko ya yi sha huɗu, cikowar ta fi ƙarfi. Leung yana da jar kalandarsu ta gargajiya rataye kusa da inji, Tankari yana da lissafinsa a ka, kuma da wuya su saɓa fiye da kwana ɗaya ko biyu. Da wannan suka fara fahimtar juna tun ɗaya bai iya gaisuwa da yaren ɗaya ba. Wannan ya ɗaga yatsu, wancan ya gyaɗa kai.

Daga nan sai lodi. Katako a ƙasa don kada kwali ya taɓa ƙarfe, masu nauyi a tsakiya, marasa nauyi a sama, gora a tsaye gefe tana nuna iyaka. In damina ce, wahalar ta ninku. Daminar nan ba irin tamu ba ce da za a sheƙa ruwa, gari ya washe, mutum ya sha iska. Nan sama ce ke saukowa ta zauna a kan mutum wata huɗu. Ka wanke riga ta kwana uku ba ta bushe ba, ka ajiye takalmin fata ka dawo ka tarar ya yi funfuna. In aka rufe kaya ruf da tamfol, gumi ne zai jiƙa su daga ciki, kwali ya yi laushi, ƙarfe ya fara tsatsa. Saboda haka tamfol biyu yake sawa, ya gitta gora a tsakaninsu iska ta samu hanya. Ruwa ya ɗauke, ya yaye. Ya dawo, ya rufe. Na taɓa bin su yini ɗaya, na ga ya yi haka sau goma sha ɗaya kafin la'asar, ban da kwarfar ruwan da ke taruwa a gindin jirgi. Ƙafarsa kam ruwa ya riga ya cinye tsakanin yatsun. Matan Ghana ne ke kawo masa man kaɗanya, ya shafa, ya naɗe da leda, gobe ya koma ciki.

Akwai kuskuren da mu 'yan Arewa kaɗai muke yi, kuma duk mun yi shi. Mu a wurinmu ruwa alheri ne. In muka ga mashigi ya cika maƙil, sai ranmu ya yi fari, mu ce yau jirgi zai yi gudu. Ashe nan ne matsalar take. Ruwa in ya hau, jirgi ya hau tare da shi, gada kuwa tana nan inda take. Ta ƙarshe a cikin bakwai ɗin ta fi kowace gajarta, tsohuwa ce ta dutse, har mutum ya kan duƙa in za a wuce. Mu muka sa mata suna Gadar Sunkuya. Wani abokin kasuwancinmu, Babayo, ya taɓa jin haushin Tankari don ya ce a jira janyewar yamma, ya ɗauki wani jirgin daban. Gadar ta aske masa layin sama na akwatunan fanka tas, muna tsaye muna kallon su suna tafiya a kan ruwa. Tankari gora ya ɗauka ya tsamo masa abin da ya tsamu.

Tankari, kai ne wanda ake zagi a waya da safe, a yi wa godiya da yamma. Ɗan Sarkawa, mijin Fasuma, mai gora da tamfol. Shekara huɗu kana wannan aikin ba a taɓa buɗe kwantena a Legas ko Tema an ce kayan da ka rako sun sha ruwa ba.

Sai shekarar wasannin Olamfik. Wasan a Beijing za a yi, amma mu nan muka ji a jikinmu. Biza ta yi wuya. Da can in kwanakinka sun kusa ƙarewa, ka tsallaka Hong Kong ko Macau a ƙara maka, ka dawo ka ci abincin dare. Wannan shekarar aka ce kowa ya koma ƙasarsa ya nemo. Duk wanda ka gamu da shi a titin Huanshi Lu, kafin ya tambayi lafiyar iyalinka zai ce saura kwana nawa. Kowa yana so kayansa su shiga kwantena kafin ya tashi. Tankari ma ya sayi tikitinsa. Ya ce zai yi lodi ɗaya na ƙarshe, ya je Gaya ya ga matarsa Fasuma da 'ya'yansa, ya gyaro takarda ya dawo.

Ranar lodin, jirgi ya cika daidai yankan gora, kayan mutum goma. Sai ga Hajiya Abibata, 'yar zangon Kumasi, mai sayar da kujerun falo. Kamfaninta ya makara, yau suka gama mata, kuma duk abin da ta zo da shi yana cikin kujerun nan. Ta roƙi Tankari, ya nuna mata gora. Sai ta zo wurina, don ta san ni na kawo shi aikin.

Na ce masa, "Tankari, layi ɗaya ne. Soso ne da yadi, ba su da nauyi."

"Rashin nauyin nan shi ne abin, Alhaji. Da ƙarfe ne da na ɗauka."

"Dubi sama, ko gajimare babu."

Ya dubi saman, ya dube ni, ya dubi Hajiya tana share ido da gefen mayafi. Ya ce, "A ɗora." Sau ɗaya ke nan da na ga kaya sun wuce yankan gorarsa, kuma da bakina aka wuce.

Sun ratsa gada shida lafiya. Kafin su kai ta bakwai sama ta buɗe, irin ruwan da tsofaffin ƙauyen suka ce sun daɗe ba su gani ba. Aka kwana biyu ana yi. Kogunan sama suka turo nasu, teku ta turo nata don wata ya kusa sha huɗu, suka haɗu a mashigin. Hukuma ta sauke ƙyauren ƙarfen da ke datse ruwa a bayansu don kada ƙauye ya nutse. Babu gaba, babu baya. Suka ɗaure jirgi a jikin wata bishiya, taku ashirin da Gadar Sunkuya.

Rana ta uku na samu mai babur ya kai ni iyakar inda titi ya tsaya, na ƙarasa da ƙafa, ruwa har gwiwa. Na tarar da su suna gardama, rabi da baki rabi da hannu. Ruwa ya ɗan sauka. Leung ya auna ya ga in aka sauke layin kujerun, jirgi zai wuce a janyewar la'asar. Yana nuna bakin gaɓa yana cewa a zube su can. Gaɓar kuwa laka ce da ruwa, babu rumfa, babu hanyar da mota za ta zo ta kwashe. Kwana ɗaya a wurin, sai dai a ƙone su.

Tankari yana ta ce masa, "Meyo, lawban. Meyo." Wato babu, ba za a yi ba.

Ya ja ni can bayan inji inda tamfol ya ɗan kare mu. Idonsa ya yi ja don rashin barci.

"Alhaji, gobe takardata ke mutuwa. Jirgina na sama ma gobe ne."

"In ba a sauke kujerun ba fa, sai yaushe?"

"Sai wata ya rage. Ashirin da ɗaya, ashirin da biyu. Sannan teku ke sakin ruwan kogi shi wuce."

"Ka bar wa Leung mana, ka tafi."

"Ina juya baya zai zubar da su. Ba mugu ba ne, jirginsa yake so shi fita. Kuma wa zai riƙa yaye tamfol? Kai?"

Ni ina da sauran kwana goma sha biyu a bizata, amma ban san komai a aikin ba, kuma shi ya san haka. Abin da ya rage shi ne in ce masa, sauke kujerun, ni na sa aka ɗora, ni zan ji da Hajiya. Maganar tana bakina. Na shekara talatin ina ciniki, na san lokacin da mutum ke jiran ka faɗi abu. Yana jira. Na auna abin da zai hau kaina, sai na ce, "Allah zai kawo mafita."

Ya ce, "Amin." Ya miƙe ya tafi kwarfar ruwa.

Ban da shi kansa, wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Hajiya Abibata ma ba ta san zancen takardarsa ba sai bayan wata uku, a bakin wasu.

Kwana tara suka yi a wurin. Abincinsu shinkafar Leung da kifin da Tankari ke kamawa da ƙugiya daga gefen jirgi. Sauro kamar hayaƙi. Masu kaya suna ta kira, ya kashe wayar ya sa a leda. Kullum da safe ya sa gora ya auna tsakanin ruwa da cikin gada, ya tsaga alama da wuƙa. Wata rana a samu yatsa biyu, wata rana ruwan sama ya dawo ya cinye su.

Ranar ashirin da biyu ga wata ya kunna waya ya ce mu zo, da ni da Hajiya, kafin azahar. Muka tarar ya aro durorin roba goma sha shida a wata masana'antar fenti, ya jera su a gefe da gefen jirgi. Da ruwa ya kai ƙarshen janyewa ya auna. Saura taƙi ɗaya kujerun su wuce. Kuma abin da ya rage kafin teku ta juyo bai fi rabin awa ba.

Sai na ga ya ɗauki bokiti yana ɗibar ruwan mashigi yana zubawa a cikin duro. Kwana tara yana fitar da ruwa daga jirgin nan, yau yana shigar da shi da hannunsa. Na ce ko rashin barci ya taɓa shi.

"Tankari, nutsar da mu za ka yi?"

"Taƙi ɗaya kawai, Alhaji. Kama bokiti."

Muka kama, har da Leung. Jirgi yana ta zama a hankali, ruwa yana hawa jikinsa, har ya rage bai fi tafin hannu ya shigo ciki ba. Duro suka cika. Ya sake aunawa, saura yatsa biyu. Hajiya tana tsaye a gaɓa da lema, tana ta salati.

Ya ce, "Hajiya, shigo. Ke ɗaya kin yi duro biyu."

"Kai Tankari, ka kiyaye ni. Ni ce duro?"

"Duro mai albarka. Shigo, kujerunki ne."

Ta tattare zane ta shigo tana zaginsa, ya zaunar da ita a tsakiya. Wasu mata uku 'yan ƙauyen da ke kallo daga kan gada suka gane abin da ake yi, suka sauko suna dariya suka shiga su ma. Ya hana Leung tada inji, don girgizar kaɗai ta isa ta shigo da ruwa. Ya kwanta rigingine a gaban jirgi, ya sa tafin ƙafarsa, ƙafar nan mai ciwo, a cikin gadar, yana tura mu taku bayan taku. Muna duƙe a cikin duhun gada muna jin tamfol yana gogar dutse, ƙiii, ƙiii. Da haske ya dawo, na ɗaga kai na ga gansakukar gada shafe a kan tamfol daga farko har ƙarshe, amma bai yage ba.

Leung ya zauna a kan inji ya kunna taba. Tankari ya tashi ya fara juye duro ɗaya bayan ɗaya. Ko hamdala bai yi da ƙarfi ba. Cewa ya yi, "A miƙo mini man kaɗanyar nan."

Kayan mutum goma sha ɗaya suka shiga kwantena a bushe. Kowa ya tashi cikin kwanakinsa, har da ni. Shi kuma ya zama mutumin da takardarsa ta mutu.

Waɗanda suka zauna nan sun san abin da wannan ke nufi. Ba mai ba ka hayar ɗaki. Ba ka shiga motar haya da sakin jiki. Tankari bai ƙara taka Huanshi Lu da rana ba. Juma'a ta gagare shi, sallar idi huɗu a kan jirgi ya yi su shi kaɗai. Leung ya ba shi wurin kwana kusa da inji, can ya shekara biyu. Da muka gyaro bizarmu muka dawo, muka tarar da shi a bakin matakala yana duba ruwa, muka ce sannu da ƙoƙari, muka miƙa masa takardun sabon lodi. Ya karɓa. Damina biyu ya ƙara yi mana. Fasuma takan kira ta tambaye shi yaushe, ya ce sai an ga hali.

Watan jiya ƙafar ta kumbura har takalmi ya daina shiga, asibiti kuma sai da fasfo mai rai. Ya kai kansa ofishin baƙi da ƙafarsa. Aka yi abin da doka ta ce, aka ba shi takardar fita, aka ce kada ya dawo sai bayan shekara biyar. Shekararsa hamsin da takwas. Shi da mu duk mun san sallama ce. Ranar Alhamis mai zuwa zai tashi daga filin jirgin Baiyun.

Na je na same shi shekaranjiya a ɗakin da jama'a suka sama masa. Na faɗa masa abin da ya kamata in faɗa a bayan inji. Ya saurara har na gama.

"Na sani, Alhaji," in ji shi. "Na ga maganar ta zo maka har nan." Ya nuna maƙogwaronsa. "Da ka faɗa ma ban san ko zan sauke su ba. Amma da na ji daɗi."

Sai ya canja zance. Ya ce abin da ke damunsa shi ne babu wanda ya zo ya koya. Ya ce wa mutum huɗu su zo ya nuna musu lissafin wata da yankan gora, kowa ya ce yana da kwastoma.

Tankari, mun gode. Kai ne ka zauna cikin laka aka yi mana sunan masu cika alkawari a kasuwannin gida. Allah ya warkar da ƙafar, ya kai ka Gaya lafiya, ya sa abin da ka yi ya tsaya maka ranar da babu mai tsaya wa wani.

Ku kuma 'yan'uwa, saura kwana biyar. Duk wanda kayansa suka taɓa bin mashigin nan, ya je ya gaishe shi, kada ya aika. A samu ko mutum ɗaya ya zauna da shi yini guda ya karɓi abin da ke kansa, don damina za ta dawo kuma gadar ba ta ƙara tsawo ba. Wanda ke da mai yi masa aiki, ya san kwana nawa suka rage masa a takarda, in lokaci ya yi ya buɗe baki ya ce masa tafi.

In aka zo batun wa ya ci wa ya faɗi, ba abu ne mai wuya ba. Hajiya Abibata ta sayar da kujerunta, yanzu shago biyu gare ta a Kumasi. Leung jirginsa ya fita ko ƙwarzane babu. Ni ƙofofina suna jikin gidajen mutane a Kano, ana buɗewa ana rufewa. Tankari zai sauka gida da jaka ɗaya da sanda, ƙaramar 'yarsa da ya bari tana rarrafe sai an nuna mata shi an ce ga babanki.